Daga Sifawa Zuwa Kasuwar Kano: Bashin da 'Yan Boko Suka Ƙi Biyan Balaraba Ramat

Matafiyin da ya bar Sakkwato ya kama hanyar Jega, kafin ya gama gyara zama a mota zai iso Boɗinga. A nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna bayan an ci Alƙalawa, kafin ya koma Gwandu. Kusa da nan Sifawa take, inda Shehu Usmanu ya yi kusan shekara biyar yana karantarwa da wallafa, har ya ƙaura Sakkwato a 1815. In matafiyin ya ci gaba zai faɗa Shagari, mahaifar Alhaji Shehu Shagari, wanda malamin makaranta ne kuma marubucin Waƙar Nijeriya tun kafin a yi tunanin zai zama shugaban ƙasa a 1979. Duk wanda aka haifa a wannan yanki ya tashi ne yana jin cewa ƙasarsu ƙasar alƙalami ce, kuma ba ƙarya aka gaya masa ba.

To amma in aka shiga cikin gidajen Boɗinga da Shagari, kamar na sauran garuruwan ƙasar Hausa, aka bincika abin da mata suka karanta da Hausar boko don ra'ayin kansu a shekara talatin da suka wuce, ba don jarrabawa ba, ba don malami ya tsaya a kansu da bulala ba, amsar guda ce: littattafan da ake kira na soyayya. Su ne ake ɓoyewa ƙarƙashin katifa, su ne ake karɓa haya a kwana biyu a mayar, su ne wadda ta iya karatu ke karanta wa waɗanda ba su iya ba bayan an gama tuwon dare. Yau sun bar takarda sun koma cikin waya, ana karanta su a WhatsApp, ana sauraronsu a YouTube. 'Yan boko sun san haka sarai, domin da yawansu a cikin irin waɗannan gidaje suka girma. Duk da haka, da zarar an ambaci waɗannan littattafai a gabansu sai a ga an taɓe baki, kamar an kawo maganar da ba ta dace da zauren manya ba. Wannan taɓe bakin ba shi da hujja, kuma rayuwar mace guda ta isa ta nuna hakan.

An haifi Balaraba Ramat Yakubu a Kano a 1959. Ƙanwa ce ga Janar Murtala Ramat Muhammad, wanda ya mulki Nijeriya daga Yulin 1975 zuwa ranar da aka kashe shi, 13 ga Fabrairun 1976. Wannan dangantaka ba ta tsare ta daga abin da ke samun 'ya'yan talakawa ba. Tana da kimanin shekara 13 aka raba ta da makaranta aka aurar da ita ga mutumin da ya ninka shekarunta fiye da sau biyu. Auren bai kai shekara biyu ba ya mutu. Bayan ta dawo gida, da taimakon mahaifiyarta ta sami hanyar shiga ajin yaƙi da jahilci, da sunan koyon ɗinki. A can ta ƙarasa abin da aka katse mata, ta iya karatu da rubutu da Hausa. Ta sha faɗa cewa dalilin da ya sa take rubutu da Hausa shi ne ba a bar ta ta yi zurfin da za ta iya rubutu da Ingilishi ba.

Ya kamata a tsaya a kan wannan magana ta ƙarshe, domin a cikinta akwai abin kunya da abin alfahari a lokaci guda. Da an bar ta ta gama sakandare ta shiga jami'a, da wataƙila ta bi sahun Zaynab Alkali, wadda ta fitar da The Stillborn a 1984 da Ingilishi, aka sa shi a manhaja, aka yi ta taro a kansa. Da ta sami girmamawar da 'yan boko ke ba wa duk abin da ya zo cikin harshen Turawa. Amma da matar da ke cikin kulle a Boɗinga ba ta taɓa jin ɗuriyarta ba. Zaluncin da aka yi mata shi ya ajiye ta a cikin harshen waɗanda ake yi wa irinsa. Wannan ba ya wanke zaluncin. Yana dai bayyana dalilin da ya sa muryarta ta isa inda muryar masu digiri ba ta isa ba.

Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987. A 1990 ta fitar da biyu waɗanda har yau su aka fi saninta da su, Alhaki Kwikwiyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? Daga baya Wane Kare Ne Ba Bare Ba? ya biyo, da Ina Sonsa Haka, da Matar Uba Jaraba, da sauransu, har suka kai tara. Wanda ya san cewa Barbara Cartland ta Ingila ta bar littattafan soyayya sama da 700 kafin ta mutu a 2000 zai iya ganin tara ba wani yawa ba ne. Sai dai ita Baturiyar tana kishingiɗe ne tana faɗa, sakatariya na rubutawa, kamfanin ɗab'i na jira a bakin ƙofa da kuɗi a hannu. Balaraba da takwarorinta su ne marubuta, su ne masu neman kuɗin takarda, su ne masu zirga-zirga wurin mai injin buga littafi, su ne masu kai kaya wurin 'yan kasuwa su dawo suna bin bashi. Littafi tara a irin wannan hali aiki ne na mai taurin rai.

Dole ce ta sa su hakan. Tun gasar da Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, ƙagaggen labarin Hausa ya saba da zama a inuwar hukuma: hukuma ke kiran gasa, ita ke zaɓa, ita ke bugawa a Zariya, ita ke saye ta raba wa makarantu. Ko So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda kamfanin NNPC ya buga a 1980, kuma wanda ake ɗauka shi ne ƙagaggen labarin Hausa na farko da mace ta wallafa, ta ƙofar gasa ya shigo. Sai abubuwa biyu suka haɗu. Shirin ilimin firamare kyauta na UPE da aka ƙaddamar a 1976 ya yaye dubban yara masu iya haɗa baƙi da wasali, waɗanda yawancinsu ba su yi nisan da za su ji daɗin littafin Ingilishi ba. Sannan tattalin arziki ya karye, shirin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo a 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya suka riƙe littattafan makaranta kawai. Ga masu karatu birjik, ga rumbu babu komai. Waɗanda suka cike wannan giɓi su ne irin su Talatu Wada Ahmed mai Rabin Raina, da Balaraba, da Ado Ahmad Gidan Dabino wanda In Da So Da Ƙauna nasa ya fito a 1991 ya zama ruwan dare, da Bilkisu Ahmed Funtuwa mai Allura Cikin Ruwa. Ƙungiyar da Balaraba da Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba suka yi fice a cikinta, sunan da ta zaɓa wa kanta shi ne Raina Kama. Sun san yadda ake kallonsu tun daga ranar farko.

Abin mamaki shi ne yawancin masu taɓe baki ba su taɓa buɗe littafin Balaraba ba, domin da sun buɗe da sun ga kalmar soyayya ba ta ko rufe rabin abin da ke ciki ba. A ɗauki Alhaki Kwikwiyo Ne. Labarin Rabi ne, matar wani ɗan kasuwa, Alhaji Abdu, uwar 'ya'ya tara, wadda ke ƙulla dabarar ciyar da gida da ɗan abin cefanen da bai isa ba, alhali maigidan na kashe kuɗi a waje. Ya auro Delu, macen bariki, rikici ya tashi, ya saki Rabi ya kore ta da 'ya'yanta. Rabi ta kama sana'ar abinci, ta riƙe yaran, ta ga karatunsu, ta aurar da 'yarta Saudatu gidan rufin asiri. Sai gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, Delu ta juya masa baya. A nan ne marubuci mai neman faranta ran masu karatu zai rufe littafi, mugu ya ga sakayya, kowa ya kwana da murmushi. Balaraba ba ta rufe ba. Ta sa mazan dangi suka taru suka matsa wa Rabi lamba ta koma wa mutumin da ya wulaƙanta ta, a daidai lokacin da ba shi da ko sisi, ta yadda ita za ta ci gaba da ciyar da shi. Wanda ya karanta wannan ƙarshe bai ji ɗaci a maƙogwaronsa ba, to bai taɓa zama a kotun shari'a ya ga yadda ake sasanta irin wannan magana ba. Soyayyar da ke cikin littafin, ta Saudatu da mijinta, ƴar rakiya ce. Jigon shi ne ciyarwa, da saki, da wanda ke ɗaukar nauyin yara bayan saki, da yadda ake kiran mace ta yi haƙuri a kan laifin da ba ita ta yi ba.

Wa Zai Auri Jahila? kuwa ya fi kusa da ƙashin marubuciyar. Abu yarinya ce 'yar ƙauye mai son karatu, mahaifinta ya cire ta daga makaranta. Ɗan'uwanta Ahmadu, wanda aka yi musu baiko, ya je birni ya waye, ya dawo ya ce shi ba zai auri jahila ba. Don huce haushi da kare mutunci, uban ya ɗaura mata aure da Sarkin Noma, dattijon da ya haife ta ya yi jika da ita. Abu ta gudu wurin gwaggonta, ta koma karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya, har waɗanda suka raina ta suka dawo suna neman alfarma a hannunta. A lura da inda Balaraba ta soka mashinta. Ba uban kaɗai ta kama da laifi ba, ba kuma tsohon kaɗai ba. Ta haɗa da ɗan bokon, wanda ya ci moriyar makarantar da aka hana ƙanwarsa, sannan ya juyo yana ƙyamarta saboda rashin abin da bai taɓa tsaya mata ta samu ba. Ahmadu yana nan da rai. Shi ne ma'aikacin banki, shi ne lakcara, shi ne darakta a sakatariyar jiha, wanda ke cewa littattafan Hausa shirme ne na matan da ba su yi karatu ba, bai taɓa tambayar kansa wa ya hana su karatun ba.

Sunan da ya fi manne wa wannan adabi daga Sakkwato ya fito. Ibrahim Malumfashi, wanda a lokacin yake koyarwa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya yayata laƙabin Adabin Kasuwar Kano a farkon shekarun 1990, yana kwatanta shi da ƙananan littattafan kasuwar Onica. Muhawara ta ɓarke a jaridar Nasiha, daga baya ta koma shafin adabi na New Nigerian, inda Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu da wasu suka yi ta musayar alƙalami shekara da shekaru. Adalci ne a ce Malumfashi ya karanta abin da yake suka, kuma ya yi wa adabin hidimar da masoyansa da yawa ba su yi ba, tun da shi ya tilasta wa jami'a ta dube shi. Matsalar tana ga waɗanda suka ɗauki laƙabin suka bar karatun. A bakinsu kalmar kasuwa ta zama zagi. To, ina laifin kasuwa? Littafin da aka saya da kuɗin adashe, aka karanta har bangonsa ya yage, ya fi wanda gwamnati ta buga aka jibge a sito gara ta ci. Kuma ko a Onica ɗin, Cyprian Ekwensi da ake alfahari da shi a yau da ɗan littafin soyayya na kasuwa ya fara, When Love Whispers. A Masar ma Ihsan Abdul Ƙuddus ya sha zagi a kan labaransa na soyayya, aka ce yana lalata 'yan mata, ga shi yanzu ana lissafa shi cikin manyan marubutan Larabci na ƙarni na 20.

Zarge-zargen da ake yi ba duka ne ƙarya ba, kuma kare Balaraba ba ya buƙatar a musanta su. An ce littattafan cike suke da kurakuran ƙa'idojin rubutu, ana haɗe abin da ya kamata a raba, ana raba abin da ya kamata a haɗe, ƙugiyar ƙa da ɗa da ɓa ta ɓace. Haka ne. Amma gyaran rubutu aikin edita ne, kuma editocin suna ina? Suna sassan Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato, suna rubuta maƙala a kan kurakuran maimakon su karɓi rubutun su gyara kafin a kai maɗaba'a. Abubakar Imam ya sami East yana bin rubutunsa layi-layi. Yarinyar da ta koyi baƙaƙe a ajin yaƙi da jahilci ba ta sami kowa ba, sannan aka auna ta da ma'aunin Imam aka ce ta gaza.

An ce kuma labaran satar fasaha ne daga finafinan Indiya. Wasu haka suke, ba musu. Sai dai wanda zai yi wannan zargi ya fara wanke hannunsa, domin Magana Jari Ce da kowa ke rantsuwa da shi, yawancin labaransa Imam ya ɗebo su ne daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus da na Indiya da wasu wurare, ya yi musu riga da hula na Hausa, kuma Malumfashi kansa yana cikin waɗanda suka bi diddigin hakan. Aro ba aibi ba ne a adabi, abin dubawa shi ne me mai aron ya yi da abin da ya aro. A kan Balaraba ma zargin bai zauna ba ko kaɗan. Babu fim ɗin Bombay da aka ɗauko Rabi daga cikinsa. Daga lungunan Kano aka ɗauko ta, kuma akwai irinta a kowace unguwa ta Shagari.

Zargi mafi nauyi shi ne na tarbiyya, kuma shi ne ya kai ga wuta. A 2007, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, Gwamna Ibrahim Shekarau ya jagoranci ƙona littattafan Hausa da aka ƙwace daga hannun ɗalibai mata a Kano. Bayan haka Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i, ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta nemi marubuta su yi rajista, a duba rubutunsu kafin ya shiga kasuwa, har aka yi ta kai ruwa rana da reshen Kano na ƙungiyar marubuta ta ANA. Babu mai hankalin da zai ce duk abin da aka buga da Hausa ya dace da 'yar shekara 14, kuma abin da ke yawo a waya a yau, wanda ba shi da sunan marubuci na gaskiya balle adireshin maɗaba'a, akwai batsa tsagwaronta a cikinsa. Amma wutar 2007 ba ta hana wannan ba. Abin da matsin ya yi, tare da tsadar takarda da zuwan wayar hannu, shi ne ya raunana kasuwar da marubuci ke sa sunansa da hotonsa a bangon littafi, inda za a iya kama shi a tuhume shi, ya bar fili ga wanda ba a san fuskarsa ba. An kori mai tallan da ake gani, an bar mai shigowa ta taga.

Sannan a tambaya, tarbiyyar wa ake karewa? Lokacin da Balaraba ta fitar da Wane Kare Ne Ba Bare Ba?, wanda ya taɓo yadda masu kuɗi da mutunci a idon jama'a ke lalata ƙananan yara, an yi mata ca, an ce ta wuce gona da iri. Shekaru bayan haka, jihohin Arewa ɗaya bayan ɗaya suka zo suna kafa dokokin kare yara da hukunta masu fyaɗe, Sakkwato ta sa hannu a kan nata a 2021. Abin da majalisa ta yarda da shi a rubuce, mace guda ta riga ta faɗe shi tun tuni, aka ce ba ta da kunya. Akwai wata irin kunya da ba ta da amfani ga kowa sai mai laifi, kuma ita ce aka so Balaraba ta yi.

A nan ne maganar ta dawo kan hanyar Jega. Babu taron ilimin mata da za a yi a Sakkwato a tashi ba a ambaci Nana Asma'u ba, 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙi da Fulatanci da Larabci da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji ke zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu a wurinta, ta naɗa musu malfa, su koma su karantar da matan da ba za su iya fitowa ba. Ana kuma yawan tuna cewa Shehu da kansa, a cikin Nurul Albab, ya yi kakkausar suka ga malaman da ke tara ɗalibai a waje suna karantarwa alhali matansu da 'ya'yansu mata na cikin gida a jahilce. Duk wannan gaskiya ne, abin alfahari ne kuma. Ba wanda zai ajiye Balaraba a sahun Asma'u ta fuskar ilimin addini ko daraja, ita ma ba ta taɓa da'awar haka ba. Amma a dubi dabarar. Asma'u ta ga matan karkara ba sa jin Larabci, sai ta sauko da ilimi cikin harshen da suke ji, ta zuba shi a waƙa don ya zauna a ka, ta aika shi ta hannun mata zuwa cikin gidaje. Ba ta ce sai sun hau sun same ta ba. Littafin da ke wucewa daga hannun amarya zuwa na ƙanwar miji, daga wannan gida zuwa wancan, yana gaya wa yarinya cewa neman ilimi haƙƙinta ne a Musulunci kuma auren dole ba addini ba ne, a kan wannan tsohuwar hanya yake tafiya, ko da kayan da ya ɗauko sun fi sauƙi. Masu nazari irin su Novian Whitsitt sun lura cewa Balaraba ba daga wajen addini take jifa ba, daga cikinsa take kafa hujja a kan al'adar da ta saɓa masa.

Yabon Asma'u ba shi da tsada, domin ta rasu shekara 160 da suka wuce, ba za ta tashi a tsakiyar taro ta tambayi mai jawabi shekarun 'yar da ya aurar bara ba. Balaraba tana da rai, kuma mutanen da ta zana suna zaune a layin gaba na taron. Shi ya sa ake ɗaukar ɗaya a kai, a ture ɗaya da ƙafa. Gwamnatin Sakkwato ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi tun 2015, kuma kowa ya san inda ciwon ya fi tsanani: yarinyar karkara da ke barin aji kafin ta gama ƙaramar sakandare. Ana kashe kuɗi a kan taron wayar da kai a otal, da Ingilishi, da alluna masu hoton yara suna murmushi. Ga littafi nan da Hausa, wanda wadda abin ya faru a kanta ta rubuta, wanda uwa za ta iya sauraro ta gane, uba ya ji ya tsargu, amma ba a ganin ya kai a saya a ajiye a ɗakin karatun makarantar 'yan mata ta Boɗinga, saboda wai na kasuwa ne.

Ita dai ba ta zauna jiran a yarda da ita ba. An mayar da Alhaki Kwikwiyo fim a 1998 ta hannun Abdulkareem Muhammad. Ita kanta ta shiga harkar fim, ta rubuta kuma ta shirya Juyin Sarauta, labarin da aka gina a kan rayuwar fada ta zamanin da. Ta jagoranci Kallabi, ƙungiyar marubuta mata, ta kuma yi aiki da Gidauniyar Murtala Muhammad wajen kwantar da hankalin waɗanda bala'i ya rutsa da su. Matan da ke shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016, suna rubutu a kan fyaɗe da saki da gudun hijira ba tare da neman izinin kowa ba, a kan turbar da ita da takwarorinta suka share da farce suke tafiya, ko sun sani ko ba su sani ba.

Za a ce ai jami'o'i sun karrama ta, an rubuta kundin digiri iri-iri a kan littattafanta. An rubuta, kuma nan ne bashin ya fi nauyi. Mutane sun sami digiri na biyu da na uku, sun sami ƙarin girma, sun je taro ƙasashen waje da sunan Rabi da Abu. Me ya koma wa littattafan? Abin da ake bukata ba shi da wuyar faɗa: bugu mai inganci, wanda edita ya bi ya gyara ƙa'idar rubutu ba tare da ya taɓa muryar marubuciyar ba, da yarjejeniyar da za ta sa kuɗi ya shiga hannunta tana raye, da kwafi a makarantun sakandare na jihohin da ke kukan 'yan mata ba sa gama karatu. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da maɗaba'a, Bayero tana da ita, Ahmadu Bello tana da ita. Attajiran da ke ba da miliyoyi a bikin ƙaddamar da tarihin rayuwar 'yan siyasa, wanda ba mai karantawa ko shafi goma, kaɗan daga abin da suke watsawa a yini guda zai isa.

A 2012 wani ƙaramin kamfanin ɗab'i mai suna Blaft, a birnin Chennai na ƙasar Indiya, ya buga fassarar Ingilishi ta Alhaki Kwikwiyo Ne wadda Aliyu Kamal na Jami'ar Bayero ya yi, da sunan Sin Is a Puppy That Follows You Home. An tace shi, an yi masa bango mai kyau, jaridun waje suka yi sharhi a kansa. Daga nan ne wasu 'yan bokon Arewa suka fara ambaton sunan Balaraba ba tare da taɓe baki ba, har da masu cewa ai sun daɗe da saninta. Mai katin banki a Landan zai iya sayen fassarar ta intanet cikin minti biyu. Malamar Hausa a Shagari da ke son ɗalibanta su karanta asalin, cikin harshen da aka rubuta shi, sai ta yi sallahu ga direban da ke zuwa Kano, ya duba mata wurin masu tsofaffin littattafai ko Allah zai sa a dace.